Tsakuwarmu da Aka Zubar a Gaban Meri

Zuwa ga mai girma Kantoma da ke riƙe da meri, ma'aikatar hukumar garin nan,

Ranka ya daɗe, shekara nawa mutum zai yi a gari kafin a ce shi ma ɗan gari ne? Na tambayi mutane da yawa, kowa ya ce in tambayi na gaba, shi ya sa na kawo maka.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma. Ina aiki, ina iyali, yaya haƙuri da wannan shekara? Sunana Sallau, mai amalanke. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban daɗe a lakwal, makarantar boko, ba aka cire ni aka kai ni kiwo. Zan kai takardar gidan rediyon gari su karanta, don ban san ƙofar da ake bi a same ka ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne can wajen Isawan. Damana ta yi mana gardama, ta sake yi, hatsi ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba. Muka sayar da awaki, muka ci. Muka sayar da tumaki, muka ci. Sa guda ya rage mana, shi muka ɗaura wa amalanke muka ɗoro Inna da tsohona da 'yan tukwane muka taho. Muna zaune arewacin gari, inda kuke ganin bukkokin kara. Da wannan san nake ɗauko wa magina yashi da tsakuwa, abin da na samu shi ake dafawa a gidanmu. Ba mu da famfo. Tabki muke sha, mu da dabba, kuma tabkin ya koma laka tun sanyi bai wuce ba.

Na ɗaya. Mai shela ya zagayo har wajenmu ya ce Kantoma na kiran kowa da kowa, babba da yaro, mace da namiji, a zo a faɗi abin da ake so a saka cikin bidije na baɗi. Ni ban san bidije ba. Malam Idi mai itace, wanda ya riga mu zuwa, ya ce mini kamar rumbun gari ne, abin da kowa ya zuba da yadda za a ɗiba. Na ce to ai ni ma ina zubawa, tunda duk ranar kasuwa ana yankar mini tike kan amalanke. Ya ce to ka je, da kai ake.

Muka je. Wallahi ranka ya daɗe, ranar na ji daɗi. Na gan ka da idona cikin kaki, ka tashi ka ce yanzu ba a yin komi a ɓoye, talaka shi zai zaɓa. Aka jera ƙorai ƙarƙashin itacen bedi, kowace da zane a jikinta don irinmu da ba mu karatu sosai. Wata rumfunan kasuwa, wata aji, wata lambatu, wata famfo. Ta famfon nan tamu ce. Iya Rabi mai fura, wadda ke jagorar matan adashe na cikin gari, ita ta yi ta sintiri meri har aka yarda aka ajiye ta, don tana ganin matanmu da bido, jarkokin roba, suna bin gidaje roƙon ruwa. Ba danginmu ba ce, Allah ya saka mata.

Muka ga mutane na layi, kowa na jefa tsakuwa cikin ƙwaryar da yake so. Mu ba mu da tsakuwa. Ba wanda ya ce mana komi, sai muka ɗauka kowa da tasa yake zuwa. Ka san ƙasarmu rairayi ce, sai ka yi tafiya ba ka taka dutse ba. Ni ko na san inda na juye wa wani magini tsakuwa kusa da nan. Na ruga na roƙi mai gadi, ya ce ɗiba, na ciko hulata na kawo. Na ba kowa guda guda, ban ba kowa biyu ba, Allah shi ne shaida. Inna ta ƙulle tata a bakin zane kamar kuɗi, sai da ta isa gaban ƙwarya ta kwance. Har Baba Ɗanjuma da ba ya gani aka riƙo wa sanda ya zo ya laluba ya jefa. Ƙwaryar famfo ta cika ta yi tozo. Matanmu suka yi guɗa.

Kai ka tafi kafin ƙirga, an ce an kira ka. Ina so ka san abin da ya faru bayanka.

Wani ma'aikacin meri ya juye ƙwaryar kan tabarma, ya tsaya yana kallo, sai ya fara tsince. Ashe tsakuwar gaskiya an tsoma ta cikin shuɗin fenti, an ba masu unguwa sun raba wa mutanensu tun da safe. Mu ba mu da mai unguwa. Ya riƙa ɗaukar tamu yana wurgawa bayansa, ko juyawa bai yi ba. Wani daga cikin taro ya ce 'yan gudun yunwa sun iso da maguɗi, aka yi dariya. Wani ya ce gobe da buhu za mu zo. Iya Rabi ta miƙe ta ce su ji tsoron Allah, mutanen nan ga su tsaye a ƙirga kawunansu mana, aka ce mata doka ce. Wani soja da ke tsaye wurin bai taɓa kowa ba, bai kuma hana su ba. Rumfunan kasuwa suka ci, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Inna ba ta gane ba. A hanya take tambayata yaushe za a fara gina famfon. Na ce mata sai an ƙara shawara. Tsohona shi ya gane, tun ranar bai sake shiga cikin gari ba, ko sallar Juma'a sai ya yi azahar a bukka.

Na biyu. Na koma meri in ji yadda ake samun shuɗiyar tsakuwa. Aka ce sunanmu yana ƙauye, can muke biyan lanho, wato haraji, in je can in yi magana. Gaskiya ne, har bana maigari ya aiko an karɓi lanhon gidanmu. To amma ranka ya daɗe, ƙauyen namu yanzu tsofaffi ne da ƙofofi a ƙulle da ƙaya. Kuma ba can muke jin ƙishirwa ba, nan ne. Na je wajen mai unguwar da ke kusa da mu, ya karɓe ni da mutunci har ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce ba zai iya ɗaukarmu ba don inda muke ba a yi loti ba, wato hukuma ba ta yanka filaye ba. Aka ce da can akwai konseye, zaɓaɓɓun wakilan jama'a, da ake kai wa irin wannan kuka, tun da soja suka karɓi ƙasa aka sallame su. Ni ban san siyasa ba, ban ce an yi daidai ko ba a yi ba. Ina dai cewa an tashi wancan, kuma ba a nuna mana na madadinsa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, mai yankar tike bai taɓa tambayata unguwata ba.

Na uku, roƙo. Ban ce a fasa rumfuna ba, su ma masu kasuwa rana na dukansu. Ina roƙon a ba mu mai unguwa, ko a jingina mu da wani, don in an sake kiran kowa da kowa ya zama da mu. In da wata doka, a faɗe ta tun wajen shela, kar a bari tsofaffi su yi layi cikin rana sannan a kunyata su. Kuma ka turo ko mutum guda ya zo ya ga tabkin nan da idonsa. In famfo ya yi tsada, ko kwami ne a gina mana kusa da famfon ƙarshe na gari, dabbobi su riƙa sha, mu za mu kawo yashin da kanmu, ba sai an biya mu ba.

Mu dai wannan gyara ba zai iske mu ba. Ruwan saye ba ya isar mutum da sa, kullum sai an zaɓi wanda zai sha. San ya rame, jiya ya durƙusa da kaya kan hanya sai da muka sauke rabi. Tsohona ya ce a sayar tun yana da sauran nama, ni in bi motocin arewa neman aiki. Na roƙe shi ya jira taron nan, ya jira. Yanzu na yarda a sayar. Amma akwai masu jakai da raƙuma cikinmu da ba su kai nan ba tukuna, don su na rubuto.

Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, ya raba ka da haƙƙin talaka. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In na faɗi abin da bai kamata ba, rashin sani ne, ka yafe.

Zan tsaya nan. Ga dillali can ya iso da mahauci suna duba haƙoran san, kuma ba ya yarda baƙo ya ja shi, sai ni. Bari in je in riƙe musu igiya.

Wassalam.

Sallau mai amalanke,
bukkokin arewacin gari.