Injin da Ba a Buɗe Ba

Daga Gummi, zuwa ga Namadi a Anka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali. Malam Saminu ke rubutu, ni ke hwaɗi, kuma na ce kar ya gyara min magana.

Shekara shida ina ɗauke da zancen motar nan a-kori-kura da ka sayar min. Shanuna na sallama na saye ta don kwasar shinkahwa daga hwadama. Ko wata ba ta yi ba ruwa ya hwara shiga man injin. Bakanike ya buɗe, ya iske injin a tsage, an liƙe da gam an bi da fenti. Na kai ƙara, alƙali ya kore ta, ni kuma na bar gaishe ka. Namadi, tun muna samari muke kamun kihi tare a gulbi. Tsuhwa ya zo, ba ni son mu tahi haka. Abu guda nike tambaya: ka san da tsagar nan ko ba ka sani ba?

Ka huta lahiya. Makau.

Daga Bukkuyum, zuwa ga Baba Makau.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa. Ni ce Lubabatu, 'yar Namadi. Daga Anka aka turo mana takardarka, don babana yana wurina tun bara. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana.

Ka gafarce ni, Baba. Inna ta ce ranar ciniki babana ya kira bakanikensa domin ya buɗe injin a gabanka, kai ka hana, ka ce tsakaninka da Namadi ba a buɗe inji. Na kuma tambayi malami. Ya ce mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya ga aibin da aka ɓoye masa, amma da zarar ya gani. Kai kuwa ka sa an sake liƙewa, ka yi kaka biyu da ita kafin ka kai ƙara. Duk da haka mun shirya mu karɓi motar, mu biya ka. Ka zo ka duba shi, don Allah.

'Yarka, Lubabatu.

Ɗiyata Lubabatu,

Ina gaishe ki, Allah Shi ba babanki sauƙi. Na ji karatun malaminki, alƙali ma haka ya karanta min. Shin su sun taɓa barin shinkahwa a ƙasa hadari na tahowa? Kuma da wace huska zan maida ita, bayan duk tashar Gummi sun ji na ce motar aminina ce, ko makaho ya saye? Na hana a buɗe, i, don na yarda da shi. Wanda anka yarda da shi, shi ya kamata ya buɗe baki.

Ba ni son kuɗinku. Ki karanta mai takardata, ya ɗaga kai ko ya girgiza. In na ji amsa sai in zo; kahin nan ƙahwata ba ta taka Bukkuyum.

Ki gai da Innarki. Makau.

Baba Makau,

Bayan gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babana ya rasu ranar Talata da hantsi, an yi jana'iza bayan azahar.

Na karanta masa takardunka duka biyu. Da ya ji sunanka sai hawaye. Na ce, “Baba, in ka san da tsagar, matse hannuna.” Ya matse. Amma kada in ɗauki alhaki, haka yake matse hannun duk wanda ya riƙe shi. Kwanakin ƙarshe, duk wanda ya yi sallama sai ya juya ido ƙofa.

Ka yafe masa. 'Yarka, Lubabatu.

Lubabatu,

Allah Shi ji ƙan Namadi, Shi ba ku haƙuri. Tun da takardarki ta iso ban ci tuwo ba.

Kin ce in yahe. In ya sani, na yahe mai yanzun nan. In bai sani ba, ni ke da neman gahwara, kuma wurin wa? Innarki tana nan. Bakaniken nan na Anka yana nan. Wanda ya shahwa fentin ma bai mutu ba. Ba ni barin ku ku huta sai ɗayanku ya amsa min: ya sani ko bai sani ba?

Ina saurare. Makau.