Hannun da Ke Dukan Katifa

Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Bayan haka, na rubuto ne don a waya "ki yi haƙuri" kawai kake cewa ka katse. Takarda dai ba ka iya katse ta.

Yaya, na gaji. Tun da ɓarin jikin Mama ya shanye, magana ta ɗauke mata, ni ce wanka, ni ce juya ta, ni ce shagon ɗinki. Duk wannan ban yi kuka da shi ba. Addu'ar safe ce ta ishe ni. Ka san Mama, ko gobara ake yi sai an buɗe Littafi Mai Tsarki. To, ina buɗewa. In zauna bakin gadonta, in karanta daga inda ta saka zare, in roƙa mata lafiya, in ce amin. Kafin in rufe baki sai ta hau dukan katifa da hannunta mai lafiya, tana watsa mini harara, sannan ta juya fuska bango. Daga nan ko shayi ba ta karɓa.

Me na yi mata? Kai ne ɗan gaban goshinta, sai ka faɗa mini.

Ka gaida mutanen gida.
Ni ce ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramarku ya sauka. Na ga amsarka, wai in canja wurin karatu. Sannu da dabara! Na canja. Na karanta mata wuraren warkarwa, ta daki katifa. Na koma waƙoƙin yabo, ta daki katifa. Na ɗauko Fasto, bawan Allah ya yi addu'a har gumi ya jiƙa masa kwala, a gabansa ta yi dukan da ya fi na kullum. Matan zumunta na coci suka zo suka rera mata waƙa, ta rufe ido kamar an kunna mata injin niƙa.

Tana ramewa, Yaya. Zoben aurenta yawo yake a yatsa. Likita ya ce in ta ci gaba da ƙin abinci, sai an saka mata roba ta hanci. A shago kuwa masu kaya sun fara kwashe yadinsu, don ba na buɗewa sai rana ta yi tsaka.

Abin da ya fi damuna, ni kaina addu'ar ta bushe mini. Ina karanta Maganar Allah kamar mai karanta takardar magani. Ina jin haushin Mama, ina jin haushinka, kuma Allah Ya gafarta mini, wani lokaci har Shi. Ka zo ƙarshen wata ka ɗauke ta. Wataƙila a gidanka ta ci.

Taka a gajiye,
Auta

Yayana abin ƙaunata,

Ina fata kun tashi lafiya. Kada ka nemi mota tukuna, karanta wannan.

Shekaranjiya na tashi rai a ɓace, ga ɗinkin mutane na jira na. Na karanta mata rabin shafi, sai na ji ba ni da ko kalma ɗaya da zan faɗa wa Allah. Na rufe Littafin da ƙarfi, na naɗe hannu, na ce a raina yau ta daki katifar har ta fashe. Na yi gum.

Ba ta daka ba. Ta dube ni, ta lumshe ido, ta miƙo hannun ta kama nawa. Leɓenta ya fara motsi, ba sauti.

Yaya, mu duka mun manta yadda ake yi a gidanmu. Yaro ke karatu, Mama ke addu'a. Ka tuna yadda take ɗaukar abin da aka karanta ta bi mu da shi ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta da kajinsu, shayi ya huce, kai kana gyangyaɗi a kafaɗata? Ni da Fasto da matan zumunta duk mun ga ba ta da baki, muka dinga yi mata. Ashe jira take mu yi shiru ta yi nata.

Ta daɗe, kamar yadda ta saba. Ina jin yatsanta yana danna tafin hannuna, ta saki, ta sake dannawa. Mu take lissafawa. Da ta gama ta matse ni, ta buɗe baki da ƙyar, amin ta fito, a karkace amma ta fito. Ita ce kalmarta ta farko tun da ta kwanta. Na kifa kai a katifar nan na yi ta kuka, ita kuwa ta zungure ni tana nuna kofin shayi.

Kada ka ɗauka na huta. Yanzu makarar da nake yi a shago ta fi ta da, kuma ina zargin rabonka a addu'ar ya fi nawa tsawo. Amma Mama tana nan wurina. In ka zo, zo da bakinka a rufe. Kai za ka yi karatu.

Ni ce taka,
Auta