Ban Amince da Rufe Cibiyar Gaya Ba, Shiru Kawai Na Yi

Zuwa ga Shugaban Tsangayar Ilimi da sauran malamanmu 'yan majalisar tsangaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku.

Ranka ya daɗe, sunana Sabi'u. Malamin firamare ne ni a Toranke, cikin Ajingi, kuma ɗalibinku a digirin ƙarshen mako da ake koyar da mu Asabar da Lahadi a cibiyarku ta Gaya. Ni ne wakilin ɗalibai a majalisarku. Idan fuskar ta ɓace muku, ni ne mutumin nan da ke zama a kujerar roba ta bakin ƙofa, bayan kujerarka. Na rubuto a fili ne domin abin da aka rubuta a kaina ya riga ya fita fili, kuma takardu biyu na miƙa ta ofishin sakatare, har yau ko an gani ba a ce mini ba.

A zamanku na ƙarshen zangon da ya wuce kun yanke cewa za a rufe cibiyar Gaya, kowa ya koma babbar harabar jami'a a birni. A rahoton zaman aka rubuta cewa wakilin ɗalibai yana wurin kuma ya amince. Wallahi tallahi ban amince ba. Ban ce komai ba, wannan kam gaskiya ne, kuma ina so ku ji yadda aka yi.

Na farko, yadda aka yi na zama wakili. Ranar da aka ce mu fitar da mutum ɗaya, a gindin darbejiyar bayan aji muka taru bayan la'asar. Kowa ya ɗauka Malam Hamisu na Gafasa za a tura, don shi ne mai bakin cikinmu. Shi da kansa ya ƙi. Ya ce shi zuciya gare shi, in ya shiga gaban farfesoshi ba za a yi minti goma ba za a fito da shi, gara a tura Sabi'u, ɗan gidan malamai, wanda ya san yadda ake zama gaban manya. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, shi ke nan. Mun zaɓi wakili yadda muke zaɓar wanda zai je mana gaisuwa gidan surukai: mai natsuwa, mai kunya, wanda ba zai jawo mana magana ba. Ba mu san aikin mai magana ake nema ba, kuma babu wanda ya zo daga tsangaya ya gaya mana.

Ni kuwa a zauren karatun mahaifina na tashi. A can, mutum da gemunsa da furfurarsa yakan zauna da littafinsa a rufe har sai malam ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya buɗe. Ban taɓa ganin wanda ya tari numfashin malami ba. Da wannan tarbiyya na shigo ɗakin taronku.

Na biyu, ranar zaman. Saƙon gayyata ya shigo wayata ana gobe za a zauna, babu ajanda, babu bayani. An kwana ana ruwa. Na nemi izinin hedimasta, na bar noman gyaɗata da na yi niyyar ƙarasawa da yamma, na tura babur cikin laka har na hau kwalta. Da na iso aka miƙo mini takardar halarta na sa hannu. Duk wanda ke kan tebur da takardu a gabansa, ni hannuna kawai ke kan gwiwata. Sai da na ji an ambaci Gaya sau biyu cikin Turanci mai gudu, sannan na gane mu ake nufi. Wani malami ya ce hanya tana gajiyar da masu zuwa koyarwa, wani ya ce ɗaliban ba su da yawa. Maganganu cike da bakina, na shirya su ɗaya bayan ɗaya, ina jira ka juyo ka ce wakilin ɗalibai, me ka gani.

Ba ka juyo ba, ranka ya daɗe. Ka tambaya ko akwai mai ja, kana duban waɗanda ke kan tebur, ni kuma ina bayanka. Hannuna ya ɗan tashi daga gwiwa ya koma. Kafin in ankara an wuce batu na gaba, sakatare ya matso ya ce in ɗan ba ku wuri, za a duba sakamakon jarrabawa. Na zauna a bencin waje kusan awa biyu, ni kaɗai, ina ta maimaita abin da zan faɗa, don na ɗauka za a sake kirana. Sai gani na yi kuna fitowa kuna gaisawa, kowa ya nufi motarsa.

Ban wanke kaina ba. Ya kamata in miƙe, ban miƙe ba, kuma wannan yana cina har yau. Amma ku malamai ne, kun fi ni sanin cewa ɗalibin da ba a tambaya ba, ba a rubuta masa amsa.

Na uku, abin da zan faɗa da an tambaye ni. Mu 'yan cibiyar Gaya ba yara ba ne. Litinin zuwa Juma'a muna aji muna koyarwa, da yamma muna gona. Matan cikinmu da goyo suke zuwa a a-daidaita-sahu da safe, su koma gida kafin magariba, kuma a kan haka aka bar su suke karatun. Birni kuwa sai da kwana, tunda laccar Lahadi da sassafe ake farawa. Shi Malam Hamisu shekara ɗaya ta rage masa ya gama. Mahaifiyarsa tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke kai ta bayi, domin babu wani mai ƙarfin a gidan. Yana iya barinta daga safe zuwa yamma, maƙwabta su leƙa. Ba ya iya barinta ta kwana. Idan kuka rufe Gaya, kun rufe masa digirinsa, shekara uku sun tafi a banza.

Na huɗu, abin da ya same ni. Wani ya ɗauki hoton shafin rahoton nan ya sa a zauren ajinmu na waya, ya ja layi ƙarƙashin inda aka ce na amince. Wasu suka ce an yi mini alkawarin wani abu. Na yi bayani har yatsuna suka gaji, aka ce to rubutun jami'a ne zai yi ƙarya? Daga nan aka daina tanka mini. In na shiga aji ana hira, sai kowa ya tuna yana da littafin dubawa.

Zagi ban damu da shi ba. Hamisu ne ya tsaya mini a rai. Shekara uku babur ɗaya muke hawa, kowace Asabar ina tarar da shi a mararraba da jakarsa, muna tafe yana yi mini bitar darasi da ihu saboda iska. Asabar ta farko bayan fitowar rahoton na tsaya a mararrabar har rana ta ɗaga, aka ce ai ya hau ɗan acaɓa tun ɗazu. Da muka haɗu a kasuwar Gaya ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi gona, irin yadda ake gaida baƙo. Abu ɗaya kawai ya ƙara: ya ce da na ce muku a'a, ko da kun ƙi ji, da ya san an faɗa a madadinsa. A ɗakin taronku ni ba naku ba ne, a ajinmu kuma yanzu ni ba nasu ba ne. Kaɗaici ya ishe ni, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A gyara layin nan na rahoto, a rubuta gaskiya: wakilin ɗalibai yana wurin, ba a tambaye shi ba, shi ma bai yi magana ba. Na yarda a rubuta rabon laifina tare da naku. A dawo da batun Gaya a zamanku na gaba kafin zango ya fara, ko da waɗanda suka riga suka yi nisa ne za a bari su ƙarasa a nan. Duk wanda zai gaje ni a ba shi ajanda tun da wuri, a sa kujerarsa inda shugaba zai gan shi, kuma duk batun da ya shafi ɗalibai a kira sunansa a tambaye shi kafin a rubuta masa ra'ayi.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya saka muku da alheri a kan ilimin da kuke ba mu, Ya sa ku gama da duniya lafiya.

Zan zo zama na gaba, an aiko mini ko ba a aiko ba. Idan aka zo batun Gaya zan miƙe tsaye ba tare da ka dube ni ba, zan katse ka in ta kama, kuma ba zan zauna ba sai na gama maganar Hamisu da mahaifiyarsa. Ban taɓa yi wa malamina haka ba tunda aka haife ni. Shi ya sa nake neman gafararku tun yanzu.

Wassalam.

Ɗalibinku,
Sabi'u, Toranke