Duwatsun Inna Bakwai

Talata, 10 ga Maris, 1970

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a masussukarmu yau. Kwamared Nazarov, wakilin gunduma, ya ce dutsen da ke saman ƙauyen nan zai rufto, don haka za a kwashe mu daga kwarinmu na Yagnob zuwa gonakin auduga. Ni ne malamin makaranta, ni kaɗai ke da katin jam'iyya, sai na miƙe na goyi baya.

Inna ta ce, "Kai Hidoyat, dutsen da ya girmi kakan kakanka, sai bana ya gaji da tsayuwa?" Aka yi dariya. Na ji kunya.

Gaskiyar magana, don Zebo na yarda. 'Ya'ya biyu muka binne ni da matata Saodat, Zebo kaɗai ta rage, shekararta uku. A can akwai asibiti.

Juma'a, 13 ga Maris

An kwashe mu. Gurasa na cikin tanderu muka bar ta.

Laraba, 1 ga Afrilu

Ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ido ba shi da wurin hutawa. Gidan ba ƙofa, wai tana hanya. Asibitin kuwa ɗaki ɗaya ne da nas ɗaya.

Ruwan sha tanka ke kawowa, ɗumi, yana warin ƙarfe. Inna ta tofar. "Wannan ai matacce ne. Ga mai rai can yana gudu." Tana nufin magudanar da ke ratsa gonar auduga. A wurinmu duk ruwan da ya tsallake duwatsu bakwai ya tsarkaka, ni ma a kan haka na tashi. Ta leƙa ta ga babu ko tsakuwa a ciki, laka ce zalla. Ta fasa sha.

Alhamis, 11 ga Yuni

Zafi! Ban san Allah ya halicci irin wannan ba. Tsofaffi huɗu sun rasu a mako guda.

Da safe na ga masu feshin maganin ƙwari suna wanke gangunansu a saman magudana. Na ruga wurin Nazarov. Ya ce, "Kwamared malam, ruwa ne, zai wuce da shi. Kada ka tayar mini da hankalin jama'a ana tsakar cire ciyawa." A gida na ce kawai kada kowa ya taɓa ruwan. Ban faɗi dalili ba. Me ya sa ban faɗa ba?

Litinin, 15 ga Yuni

Kwana huɗu tanka ba ta zo ba.

Laraba, 17 ga Yuni

Zebo na amai da gudawa tun jiya. Ni da Saodat muna gona, Inna ce da ita a gida. Nas ta tambayi abin da ta sha. Inna ta ce, "Ruwa mai tsarki, 'yar nan, kada ki yi mini kallon marar hankali."

Na gangara bakin magudana na gani da idona. Tsohuwar nan ta yi yawo a rana tana tsintar duwatsu a bakin titin mota, ta jera su a cikin magudana, ruwa na tsallake su. Ƙasa da su take ɗiba.

Asabar, 20 ga Yuni

Zebo.

Lahadi, 21 ga Yuni

Kabarinta na goma sha ɗaya a layin yara. Saodat ba ta yi kuka ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Inna ta riƙe mini hannun riga. "Bakwai na sa, ɗan nan. Wallahi na ƙirga. Sau uku na ƙirga." Na ce na sani, Inna. Har yanzu ban gaya mata maganar gangunan ba, na bar ta da kayan da nawa ne.

Talata, 14 ga Yuli

Nazarov ya kira ni. Ya yi mini ta'aziyya a tsaye, sannan ya ce jibi jirgi zai koma saman kwari, akwai ƙauyen da suka yi taurin kai suka ƙi tashi. Tsofaffinsu ba sa jin Tajikanci sosai, yana son wanda zai yi musu bayani da harshen gida. "Iyali talatin ne, da yara tuli. Kai za su ji."

Na ce to. Aiki ne, jam'iyya ce ta sa ni, zan je.

Zan fita na tsaya na gaishe shi da harshenmu, Yagnobanci, haka kawai. Ya ce, "Me ka ce?"

Ko kalma ɗaya ba ya ji. Duk abin da na gaya musu jibi, ba zai sani ba. Ban san abin da ya sa nake rubuta wannan ba.