Da Sanyinta Kuka Gwada Motar Babana

Zuwa ga Shugaban wurin bizit, wato wurin gwajin lafiyar manyan motoci, inda aka kayar da motar mahaifina har sau biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan Yallaɓai yana lafiya, da iyali, da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa.

Sunana Nafisatu, shekarata goma sha shida, 'yar Malam Habu direba ce ni, a unguwar Briqueterie. Ba ku san ni ba, amma ma'aikatanku sun gan ni. Ni ce yarinyar da ta biyo wani dattijo mai koriyar babbar mota, tana riƙe masa takardu, saboda shi ba ya karanta Faransanci. Na iya Faransancin nan, da shi nake karatu, amma da Hausa na ga dama in rubuto. Kullum Baba ya shigo wurinku sai ya nemi mai fassara. Yau ku ma ku nema sau ɗaya, ku ji yadda abin yake.

Ni ba mai magana ba ce. A aji in aka kira sunana sai muryata ta maƙale. Inna tana cewa da za a auna ni da littattafan soyayyar da nake karɓo haya, da sun fi ni nauyi. To ko bebe yana da ranar da zai yi ƙara.

Motar nan ta girme ni. Ta riga ni shiga gidanmu, shi ya sa muke ce mata Gwaggo. Ita ke kawo wa masu suyan unguwarmu itace, ita ke ɗauko buhunan albasa zuwa kasuwar Mokolo. In Yallaɓai ya taɓa tsayawa a Brik ya sayi nama mai zafi a takarda, to ba mamaki itacen da ya gasa shi a bayan Gwaggo ya zo. Yanzu takardarta ta bizit ta ƙare, tana tsaye a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu, suna zagaya ta suna ƙwanƙwasa mata jiki kamar masu taya saniya. Baba ya riga ya faɗa a gabanmu: in ta sake faɗuwa karo na uku, zai bar musu ita su yanka. Shi kuwa ba ya magana biyu. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Na ɗaya. Faɗuwar farko gaskiyarku ce, ban zo musu a kanta ba. Ranar nan Gwaggo ta yi tuƙuƙi har ni kaina na toshe hanci. Mu ma hayaƙin nan muke shaƙa, kuma Inna tana da ciwon ƙirji. Baba bai yi gardama ba, bai nemi ɗan kamasho a bakin ƙofa ba, ko da yake mutum uku sun tare shi. Ya karɓi takardarsa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Na biyu. Ina so Yallaɓai ya san abin da muka yi bayan nan, don kada a ɗauka wanke ta kawai muka yi muka dawo.

Mun kai ta garejin Kawu Sale, ƙanen Inna, a unguwar Madagascar. Kawu ya ce hayaƙi ba ya ƙarya, launinsa kawai za ka koya. Baƙi, iska ta yi wa injin kaɗan ko mai ya yi masa yawa. Shuɗi, yana ƙona baƙin mai. Fari, ko sanyi ko ruwa. Na Gwaggo baƙi ne wuluk. Da yake ba mu da na'ura irin taku, na roƙi Inna ragowar farin yadi daga ƙarƙashin kekenta na ɗinki. Sai in ɗaura ƙyalle a sanda, in kara shi taki ɗaya daga bakin salansa, Baba ya taka totur sau uku, in rubuta lamba a gefensa. Ƙyalle na ɗaya ya fito kamar gindin tukunya.

Kawu ya fara buɗe filtar iska. Wallahi abin da ya fito daga ciki zai cika kwanon sha: garin katako, ɓawon albasa, har da gashin kaza. Ya ɗaga ta sama ya ce wa Baba, "Yaya Habu, shekara nawa kana shaƙe matar nan tana yi maka biyayya?" Aka sa sabuwa. Ƙyalle na biyu ya ɗan yi sauƙi, amma baƙi ne har yanzu.

Sai aka juye tanki. Gazuwal ɗin, wato man dizal, da Baba yake saya a jarka bakin hanya ashe haɗe yake da kananzir, ga ruwa kwance a ƙasa. Aka wanke tankin, aka canza filtar mai, Baba ya yi alkawarin ya bar man jarka. Daga nan Kawu ya kwance nozul guda shida, muka kai wa mai gwada su. Ni na riƙe su a cinya cikin tasi, a naɗe da tsumma. Huɗu suna feshi sumul kamar turare. Biyu kuwa ɗiga suke yi kamar famfon da ya lalace, man da bai ƙone ba shi ke fita baƙi. Aka sauya su. Ƙyalle na uku ruwan toka.

Aka gyara bawul, aka juye baƙin mai. Ranar ƙarshe Kawu ya ce tsohuwar kunkunniya na nan maƙare a cikin salansa, sai an ba ta wuya za ta amayar. Baba ya loda mata itace, muka hau tudun Mbankolo sau biyu tana gurnani. Da muka sauko na kara ƙyalle na huɗu. Sai da na kai shi rana na duba kafin na ga dishi-dishin toka. Kwana tara muka yi a kan aikin nan. Na iya ƙare littafi a yini guda, amma a kwanakin nan ko shafi ban buɗe ba, kuma har yau akwai baƙi a ƙarƙashin farcena.

Na uku, kuma nan ne maganata take. Ranar Talata muka dawo wurinku, tun kafin ƙarfe tara. Layi ya fita har titi. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Daidai bayan motarmu akwai wata mata mai sayar da ƙosai da kunu, da goyo a bayanta, tirenta yana kallon bakin salansarmu. Sauran direbobi sun bar injinansu suna aiki. Baba ya leƙa ta madubi, ya ga matar, ya murɗa makulli ya kashe. Ya ce ba zai busa wa abincin mutane hayaƙi ba, balle jariri. In layi ya motsa sai ya saki birki, da yake wurin gangare ne, ta silala da kanta. Aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo. Fiye da awa huɗu Gwaggo tana kashe.

Ni kuwa littafin da na zo da shi ya ƙare tun sha ɗaya. Wanda ya saba karatu ba ya iya zama haka, sai na shiga karanta bangonku. Kusa da tagar karɓar takardu, ƙarƙashin wata kalanda, akwai farar takarda da ta koma ruwan ƙasa. Da hatiminku a jiki. A cikinta an rubuta cewa ba a auna hayaƙi sai injin ya ɗauki zafinsa na aiki, kuma a fara taka totur a share bututu kafin a soma awo. Ba ni na rubuta ba, Yallaɓai. Ku kuka manna.

Da layi ya zo kanmu, Baba ya tayar da ita, ko minti biyu ba ta yi ba. Allurar zafi tana kwance a ƙasa, da idona na gani. Ma'aikacinku, wani matashi mai shuɗiyar riga, ya zura ƙarfensa a salansa ya ɗaga hannu a taka. Tsohuwar mota da sanyin safiya a ƙashinta, me za ta yi? Ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi. Na matsa kusa da shi, na ce masa injin da sanyi. Ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ya ji. Muryata dai na san ba ta da ƙarfi. Bai ko waiwayo ba. Ya buga hatimi, ya miƙa wa Baba takarda, ya ce da Faransanci, yana dariya da abokinsa: "Alaji, wannan sai masu yankan ƙarfe."

Baba bai taɓa zuwa Makka ba, kowane mai hula Alaji ne a bakinku. Ya juyo ya tambaye ni me yaron ya ce. Na ce masa ya ce mu sake dawowa. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai ranar, kuma ma'aikacinku ne ya sa ni. Baba ya dube ni, ya dubi masu dariyar, ya gyara hularsa. Ya hau mota muka kama hanyar gida. Ya gane.

A littattafan da nake karantawa, daidai nan ne wani yake shigowa, mai kwarjini, ya daka tsawa kowa ya shiga taitayinsa. Na dubi ƙofarku, har ga Allah na duba. Ba wanda ya shigo sai mai sayar da goro.

Washegari da safe na ce Baba ya tayar da ita. Na kara ƙyalle nan take, da sanyinta: ya yi toka-toka, da danshi. Muka zagaya ta unguwar Ekoudou muka dawo, allura ta hau tsakiya, na kara wani: fari, sai ɗan dishi. Mota ɗaya, safiya ɗaya, mai ɗaya. Su ne na biyar da na shida. Na san ƙyalle ba na'ura ba ne. Amma na'urar ma ai sai an bi ƙa'idarta take faɗin gaskiya.

Sai daga baya direbobin unguwa suke ce wa Baba, ai kowa ya san ba a kashe mota a layin bizit. Wato wanda ya bar injinsa ya turnuƙe mai ƙosai da jaririnta awa huɗu, shi ne ya ci gwajin hayaƙi. Wanda ya ji kunyar yin haka, shi ne ya faɗi. Yallaɓai, in haka wurinku yake aiki, to me kuke karewa?

Ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce.

A sake gwada motar mahaifina yadda takardar bangonku ta ce, da zafinta, a duba allura a gabanmu. A ɗauki takardar nan daga ƙarƙashin kalanda a kafa ta a bakin ƙofa, a sa wani ya riƙa faɗa wa direbobi da baki, da Hausa da Fulatanci da duk abin da suke ji. Wanda ya daɗe a layi a ba shi dama ya zagaya ya ɗumama injinsa ba tare da ya rasa wurinsa ba. Ma'aikacin nan kuma ban ce a kore shi ba, shi ma ɗan wani ne. A dai gaya masa hatimi aka ba shi, ba a ba shi furfurar mutane ba.

In kun gwada ta bisa ƙa'ida ta faɗi, na yarda. Ni da kaina zan miƙa wa masu ƙarfe makullin, in shiga ɗaki in yi kukana. Amma ba za a yanka Gwaggo a kan awon da aka yi mata tana rawar sanyi ba.

Ranar Alhamis muna nan tafe. Baba ya koma ya sami mai ƙosai ya ba ta haƙuri tun kafin ranar, saboda wannan karon ba zai kashe injin a layi ba, ta ce ita za ta ja tirenta gefe, kuma tana so ta gani da idonta. Ƙyallayen nan shida zan zo da su, Inna ta jera su ta ɗinke a kan yadi ɗaya. Zan sa farin hijabina na Salla, wanda sau ɗaya na taɓa sa shi, in tsaya a bayan salansa lokacin da za a taka totur. Ku duba na'urarku, sannan ku dube ni. Wannan karon kuma in na ce injin da sanyi, har na ofis ɗin sama sai ya ji.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya ba ka 'ya'yan da za su tsaya maka ranar da aka yi maka dariya da yaren da ba ka ji.

Wassalam.

Nafisatu, 'yar mai koriyar mota,
Briqueterie, Yaoundé.