Bireka Mai Talatin da Biyu

Talata, 4 ga Maris
Yaya ya sake kirana, wai bireka, na'urar nan mai yanke wutar lantarki in kaya sun yi yawa, ta faɗi sau uku yau. To ba dole ta faɗi ba? Rishon lantarki, hitar ruwa da dutsen guga duk a layi ɗaya, a kan siririyar waya mai kaurin biyu da rabi. Na ce masa wannan waya ƙarfinta amfiya ashirin ne a ma'aunin lantarki, kayan kuwa sun kusa talatin, sai an ja sabon layi na kicin da waya mai kaurin shida. Ya ce ba mai fasa masa bango, bara ya yi fenti. "Ka sa babba mana, aikinka ne fa."

Alhamis, 6 ga Maris
Na cire bireka mai ashirin, na sa mai talatin da biyu. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, na san bireka wayar take tsaro, ba jin daɗin maigida ba. Amma mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ban taɓa iya ce masa a'a ba. Anti, matarsa, har da tsokana, wai yau Injiniya ya yi abin kirki.

Lahadi, 16 ga Maris
Gobara a gidan Yaya da azahar. Kicin da falo sun tafi. Anti ta ƙone a hannu wajen fito da 'yarta.

Litinin, 17 ga Maris
Na shiga na duba. Daga cikin silin wutar ta tashi, robar wayar ta narke tun daga allon bireka har kicin. Birekar kuwa tana nan tsaye, ko gezau. Na tsaya a cikin toka kamar an dasa ni.

Juma'a, 21 ga Maris
Dangi sun gama yanke hukunci: Anti ce ta bar dutsen guga a kunne. Goggo ta fi kowa zaƙewa, ita da ba ta san bambancin soket da makunni ba. Ina zaune ana yi, na yi gum. Wallahi na tsani kaina.

Laraba, 26 ga Maris
Yaya ya ce Anti ta tafi gidansu sai ya neme ta. Da bandeji a hannu ta tafi.

Asabar, 29 ga Maris
Na same shi yana kwashe kwanon rufi, na ce Yaya, ba guga ba ce, birekar da na sa ce. Ko ɗago kai bai yi ba. "Na sani. Ni na sa ka. Kana so a ce ni da ƙanena muka ƙona gida? Wa zai sake ba ka aiki? Ja bakinka ka yi shiru, za ta huce ta dawo."
Ashe ya sani. Na dawo gida na rasa inda zan sa raina.

Talata, 1 ga Afrilu
Ba wai na shirya ba ne. Aiki ya kai ni unguwarsu Anti, na ce bari in duba hannunta kawai. Ta rame. Ita ta fara ba ni haƙuri, wai ta jawo mana asara. Sai na ji bakina yana zuba, har na zana mata wayar da birekar a bayan takardar magani, a gaban mahaifinta.
Ta daɗe tana kallon takardar. "Wato na kashe gugar?"
Na ce kin kashe, Anti.
"Kullum sai na tambayi kaina, har na fara yarda ban kashe ba."
Yaya ya kira ni sau huɗu tun ɗazu. Ban ɗauka ba tukuna.