Ni Ce Na Yi wa Maƙwabciyata Ƙazafi Saboda Ta Fi Ni Juriyar Tattaki

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Ina roƙonku kada ku zage ni, wanda nake yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni malamar firamare ce a Minna, muna zaune a Tudun Fulani, shekaruna arba'in da uku, 'ya'yana huɗu. Lokacin da nake sakandare ba yarinyar da ke shan gabana a tsere. Amma tun da na haifi autana jiki ya buɗe, hawan jini ya shigo, har ta kai in na share tsakar gida sai na zauna ina haki. Likita ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Na ce to, na dawo gida na ci gaba da zamana.

Maƙwabciyata Maman Ladi Kirista ce, doya take sayarwa a kasuwa. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu, da Sallah in aika mata nama, da Kirsimeti ta aiko min shinkafa. Tana da ciwon suga, kuma ta fi ni ƙiba nesa ba kusa ba. Wata rana ta leƙo ta ce, "Malama, gobe in kin yi sallar asuba mu fita. Ba gudu ba fa. Mu ƙirga falwayar wuta uku mu dawo, jibi mu ƙara ɗaya." Na yi dariya na ce, "Falwaya uku? Ni da na ci kofi a gudu?" Ta ce, "Wancan jiki daban, wannan daban."

Kwana biyu na bi ta muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. A rana ta uku girman kai ya ɗebe ni, na bar ta a baya na zuba da gudu. Ko falwaya biyu ban kai ba gwiwata ta ƙame, na zube daidai teburin mai shayi. Wani daga cikin mazan da ke zaune ya ce, "Hajiya a hankali, titin na gwamnati ne!" Suka fashe da dariya. Maman Ladi ce ta ɗaga ni ta kai ni gida. Sati biyu ina ɗingishi, daga nan na rantse ba ni ba fita.

Ita kuwa ba ta fasa ba. Kullum in ta dawo sai ta ɗaga murya ta katanga, "Malama, yau bakwai na yi, mun gode Allah!" Ranar da jiki ya ƙi sai ta ce, "Yau biyu kawai, amma ai na fito." Wallahi wannan farin cikin nata shi ya fi ƙona min rai. Mutum ya yi biyu kuma yana murna? Cikin wata shida tana kaiwa har hanyar Bosso ta dawo, fuskarta ta washe, zanenta sai ta ƙara ninkawa. Unguwa kowa Maman Ladi, Maman Ladi. Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar da maigidana ya ce a gaban yara, "Kin ga Maman Ladi kuwa? Kamar ba ita ba. Ke sai labarin kofin sakandare." Yara suka yi dariya. Na shiga kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Washegari na haɗu da yayar mijin Maman Ladi a wurin niƙa. Ba wanda ya tambaye ni, ni na buɗe baki. Na ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma fitar asubar nan ku sa ido. Akwai wani mai farar mota da ke tsayawa suna hira a bakin titi." Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa gani, ranar da na fara bin ta, kuma mutumin mai sarin doya ne, gaisawa kawai suka yi. Na san haka sarai lokacin da nake faɗa.

Kwana uku bayan nan na ji rigimar ta katanga. Mijin yana ihu, ita tana kuka tana cewa, "Ni? Da jikokina?" Ya jefa takalman kambas ɗinta na tattaki kan rufin kwano. Sai da dattawan cocinsu suka zauna aka sasanta, mijin ya ce ta ci gaba da fita in tana so, amma ta ce ba za ta iya wuce idon mutane ba. Kun san me na ji a ranar? Sanyi na ji a raina. Wace irin mace ce ni?

Wata huɗu tana zaune, suga ya hau, ta ji ciwo a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, aka kwantar da ita, aka yanke mata yatsu biyu. Ko da tana fita hakan zai faru? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke cina. Na dafa farfesu na kai mata asibiti kamar mutuniyar kirki. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, dubi ƙafata. Kada ki jira naki ya kai nan. Ki fara da biyu, in kin gaji ki dawo, ba wanda ke ba da maki." Sannan ta rage murya ta ce, "Na san wadda ta yi min. Mai ƙosan bakin titi ce, kullum tana kallona." Na bar ta a kan wannan zato. Har yau ba ta gaisa da matar, 'yan gidansu sun daina sayen ƙosanta, baiwar Allah ba ta ma san laifinta ba.

Tsoro ya sa na fara. Falwaya biyu, sai uku, wata rana in koma biyu in ce ai na fito. Na wuce teburin mai shayi ban kalli kowa ba. Yanzu ina yin goma sha huɗu, jinina ya sauka, likita har ya yaba, maigida yana cewa na yi ƙoƙari. Duk yabon da aka yi min ji nake kamar an watsa min ruwan zafi. Dabararta ce ke warkar da ni, ita tana zaune a kujera da bandeji, kuma duk safiya sai ta kira ta katanga, "Malama, yau nawa?" In na faɗa ta tafa min. Haushi nake ji, Anti. Haushin mijina da bakinsa, haushin mazan teburin shayi, haushinta ita kanta da ta ƙi zargina ko sau ɗaya, amma duk bai kai haushin kaina ba.

Jiya ta ce likita ya ba ta izinin fara takawa sati mai zuwa, kuma ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba sai ni. Ta yaya zan ba ta kafaɗata ta dafa alhali ni na zaunar da ita? In na faɗa, zumuncin shekara goma sha ɗaya ya mutu, maganar ta shiga unguwa ta kai makarantarmu, wataƙila ma a mayar da ita ta addini, ga maigidana ban san me zai yi ba. In na yi shiru, mai ƙosai na ɗauke da laifina, mijin Maman Ladi kuma har yanzu da sauran shakka a ransa. Na yi istigfari har na gaji, amma na san haƙƙin mutum ne, sai shi ya yafe.

Ranar Litinin za ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?